Jijiyar da Ke Gane Hanyar Gida

Mai soya kifi a kasuwar Babura, ko masuncin da ya fito daga dam ɗin Kazaure da hantsi, ba shi da lokacin leƙa cikin kan karfasa. Ya kankare, ya farke ciki, ya ɗauraye, sai kasko. Amma da zai sa bakin wuƙa ya ɗaga ƙashin saman kan a hankali, zai tarar da ƙwaƙwalwar da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, da wasu ƙulli biyu masu sheƙi a tsakiyarta, ɗaya dama ɗaya hagu. In ya ɗaga ta, a ƙarƙashi zai ga farar igiya ta fito daga bayan kowane ido, ta gitta 'yar'uwarta: ta idon dama ta nufi ƙullin hagu, ta idon hagu ta nufi na dama. Jijiyar gani ke nan. A karfasa da danginta, in aka warware ta, ashe faffaɗan ƙyalle ne da aka ninke kamar turmin atamfa.

A yanke wannan igiya a jikin kifi mai rai, idon ya makance nan take. A mayar da shi ruwa a ba shi 'yan makonni, sai a ga ya koma cafkar abinci da idon nan kamar ba a taɓa shi ba. Ɗan Adam bai sami wannan baiwa ba. Tsohon da 'ya'yansa suka ɗauko daga Roni ko Gwiwa zuwa asibitin ido a Kano, in yana ce ta rufe masa gani, a yi masa aiki yau, gobe a cire bandeji ya ga fuskokin jikokinsa. In kuwa hawan jinin ido ne, wanda likitoci ke kira gilakoma, sai a ce wa Baba ya yi haƙuri, jijiyar ce ta mutu, abin da ya saura kawai za a tsare da maganin ɗigawa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa a cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne. Yanar ido ce ta ɗauki kashi 43 na makantar, gilakoma ta biyo ta da kusan kashi 17.

Abin da ido ke gani kamar igiya ɗaya, damin zare ne. A mutum zaruruwan sun haura miliyan ɗaya, a ɗan kifin adon nan mai ruwan zinare da ake kiwo cikin gilashi sun haura dubu 100. A kifi, kowane zare ya taso ne daga ƙwayar halitta guda a tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido, ya je ya sauka a nasa gurbi a kan ƙullin ƙwaƙwalwar nan, wanda masana ke kira tektum, wato rufi da harshen Latin. Waɗanda ke maƙwabtaka a ido su ne ke maƙwabtaka a rufin, har ya zama akwai taswirar ido sukutum a kan ƙwaƙwalwa. Saboda haka sake tsiro rabin aiki ne. Ta yaya zare dubu 100, da suka cukurkuɗe a wurin yanka kamar zaren saƙar da akuya ta shiga, kowanne zai koma gurbinsa? An shekara ɗari ana fama da wannan tambaya, kuma mafi yawan amsar daga kifi aka samo ta.

A 1890 wani likita ɗan Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, yana duban ɗan tsakon da bai fito daga ƙwai ba a ƙarƙashin madubin likita, ya ga bakin zaren jijiya mai tsiro yana da wani kumburi mai 'yan yatsu. Wanda ya taɓa kallon yaɗon duma yana laluben danga ya san kamanninsa. Cajal ya yi zaton wannan baki yana bin wani abu kamar ƙanshi ne da inda za shi ke fitarwa. Shekara biyar bayan haka John Langley na Jami'ar Kambirij ya yanke wata jijiya a wuyan kyanwa, ya ga da ta sake tsiro kowane reshe ya koma aikinsa na da: mai buɗe ƙwayar ido ya koma ido, mai matse jijiyoyin jinin kunne ya koma kunne. A 1925 kuma Robert Matthey a Suwizalan ya nuna cewa salamanda, wata halitta dangin kwaɗo mai wutsiya da ta yi kama da tsaka, tana sake gani bayan an datse mata jijiyar ido.

Duk da haka, ra'ayin da ya yi rinjaye a shekarun 1930 wani ne daban. Manyan masana na ganin jijiyoyi na tsiro ne kara zube, su manne duk inda suka samu, daga baya ƙwaƙwalwa ta koyi aiki da abin da ta tarar. Paul Weiss na Jami'ar Shikago, ɗaya daga cikin jiga-jigan fannin, yana ganin zare na bin duk wani layi ko tsagi da ya ci karo da shi ne, ba ruwansa da zaɓe. Sai ga shi almajirin da zai rushe wannan gini a gabansa ya yi karatu. Roger Sperry, haifaffen 1913, adabin Ingilishi ya karanta a digirinsa na farko, kuma a makaranta an fi saninsa da wasan ƙwallon kwando. A binciken digirinsa na uku, da ya kammala a 1941, ya musanya jijiyoyin ƙafar ɓera, ya kai mai ɗaga ƙafa ga tsokar da ke sauke ta, mai saukewa ga mai ɗagawa. Ɓerayen suka yi wata da watanni suna taka ƙafa a juye, ba su taɓa gyarawa ba.

A 1943, shekarar da 'yan mishan suka buɗe asibitin ido na Kano da yanzu ake kira ECWA, Sperry ya wallafa gwajin da ya fito da sunansa. Ya yanke jijiyar idon salamanda, ya juya ƙwayar idon a cikin gurbinta har sama ta koma ƙasa, gaba ya koma baya, ya bari ta warke. Shekarar da ta biyo ya maimaita da kwaɗi. Dabarar a nan take: in jijiya na manne ne duk inda ta ga dama, ƙwaƙwalwa ta koya daga baya, to dabbar za ta koyi gani daidai. In kuwa kowane zare gurbinsa na asali yake nema, za ta ga duniya a kife. Gani ya dawo. A rataya ƙuda sama da kan kwaɗon, sai ya kai harshe ƙasa. A kawo shi ta gaba, sai ya juya ya kai cafka baya. Yunwa ba ta koya masa ba, tsawon lokaci bai koya masa ba. Zaruruwan sun koma gidajensu na da, ko da komawar ta zama sanadin kwana da yunwa.

Wannan hujja ce daga halin dabba. Masu jayayya suna son su ga zaren da idonsu. A 1948 Sperry ya nuna cewa kifi ma haka yake yi, kuma kifi ya fi daɗin aiki: idonsa babba ne, rufin ƙwaƙwalwarsa a fili yake, ga saurin warkewa. Bayan ya koma Caltech a Kalifoniya a 1954, shi da wata mai bincike 'yar Italiya, Domenica Attardi, suka yi gwajin da aka buga a 1963, wanda har yau ɗaliban ƙwaƙwalwa ke zana hotunansa.

Sun ɗauki kifin zinare, suka datse jijiyar gani, suka yamutsa bakin yankan da gangan. Sannan suka cire rabin tantanin idon: a wasu kifayen rabin sama, a wasu na ƙasa, a wasu na gefen hanci, a wasu na gefen baya. Ka ga zaren rabin da aka bari ne kaɗai zai tsiro, kuma zai tarar da rufin duka fayau, ba kowa, kamar unguwar da aka tashi. Bayan kimanin mako uku suka yanka ƙwaƙwalwar siri-siri, suka rina ta da sinadarin azurfa wanda ke fito da sabon zare da launinsa dabam. A bakin rufin jijiyar tana rabuwa gida biyu, hanya ɗaya ta bi ta sama, ɗaya ta zagaya ta ƙasa. Zaren rabin sama na ido ya zaɓi hanyar ƙasa, na rabin ƙasa ya zaɓi ta sama, daidai yadda suke tun asali. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne zaren gefen hanci. Gidansa a can ƙarshen bayan rufin yake, sai ya ratsa rabin gaba kafin ya kai. Ya ratsa ɗin, ta kan dubban guraben da ba mai su, bai yada zango ko ɗaya ba sai da ya isa nasa.

A wannan ɗakin bincike Harbans Arora, ɗan Indiya, ya koya wa wani kifin Kudancin Amurka mai suna oska, ɗan dangin karfasa, zaɓen launi kafin ya sami abinci. Aka yanke jijiyar, ta sake tsiro, kifin ya koma zaɓen launinsa ba tare da an sake koya masa ba.

Daga nan Sperry ya fito da bayaninsa a 1963. Ya ce kowace ƙwayar ido da kowane gurbi a ƙwaƙwalwa na ɗauke da shaida ta sinadari, zare kuwa yana ɗanɗana hanya har ya kai inda shaidar ta dace da tasa. Ba a bukatar sinadari dubu 100, in ji shi, kaɗan sun isa in dai yawansu na sauyawa daga wannan gefe zuwa wancan. Marinan Ƙofar Mata za su fi kowa saurin ganewa. A tsoma zane a rijiyar baba ta yadda gefe ɗaya zai yi baƙi wuluk, ya riƙa haske har ɗaya gefen ya kusa fari. A sake yin haka da wani launi daga sama zuwa ƙasa. Duk ɗigon da aka nuna a zanen nan yana da haɗin launin da ba wanda ke da shi sai shi. Sai dai Sperry bai riƙe ko ɗaya daga sinadaran a hannu ba, hasashe ne.

Ba a daɗe ba kifin da ya ba shi gaskiya ya fara ba abokan hamayyarsa. A 1970 Michael Gaze da Sansar Sharma a Birtaniya suka cire rabin bayan rufin ƙwaƙwalwar kifin zinare, suka bar idon cikakke. Da a ce kowane zare gurbi ɗaya tak ya sani, da rabin zaruruwan sun rasa gida, rabin gani ya tafi. Da suka auna da siririyar wayar lantarki bayan watanni, suna gilma ɗigo a gaban idon suna sauraron inda ƙwaƙwalwa ke amsawa, sai suka tarar taswirar duka ta matsu a kan rabin da ya saura, kuma a jere. Kamar motar haya ce daga Babura zuwa Kano da aka cire wa rabin kujeru: kowa ya matsa, amma na gaba yana gaba, na baya yana baya. A 1978 John Schmidt da Carol Cicerone da Stephen Easter a Jami'ar Mishigan suka juya gwajin, suka bar rabin ido da cikakken rufi. Da farko zaruruwan sun sauka a rabinsu, yadda Attardi ta gani. Da watanni suka shuɗe sai suka baje suka cika rufin. Attardi ba ta yi kuskure ba, ta dai leƙa da wuri ne.

Akwai ma wata matsalar da kifi ke fama da ita ko ba a taɓa shi da wuƙa ba. Kifi ba ya daina girma, idonsa ma haka. Pamela Johns da Easter sun nuna a 1977 cewa tantanin ido na ƙara sababbin ƙwayoyi ne a baki-baki, zobe bayan zobe kamar albasa. Rufin ƙwaƙwalwa kuwa ta baya da gefe yake ƙaruwa, kamar jinjirin wata. Zobe da jinjirin wata ba za su dace ba sai tsofaffin zaruruwa sun riƙa sakin gurabensu suna gusawa baya. A 1984 Easter da Claudia Stuermer, Bajamushiya, suka bi sawun zare ɗaya-ɗaya suka ga alamar wannan ƙaura. Suka kuma ga zaren da ya sake tsiro ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya kamar yadda hotunan farko suka sa aka zata. Yana ɓata, ya yi kwana, ya fitar da rassa barkatai, daga baya a sare marasa amfani. Shaidar da ke jikinsa unguwa take kai shi, ba ƙofar gida ba.

To wa ke nuna masa ƙofar? Amsar ta zo ta hanyar guba. Dangin talibambam na tekun Japan suna da dafin da ke hana jijiya aika saƙo amma ba ya hana ta tsiro. A 1983 Ronald Meyer, almajirin Sperry, da kuma Schmidt a nasa ɗakin, suka riƙa ɗura wannan dafi a idon kifin zinare lokacin da jijiyar ke warkewa. Zaruruwan suka isa rufin, kowanne a yankinsa, amma taswirar ta tsaya dishi-dishi, ba ta fito tar ba. Sai Schmidt ya gwada wata dabarar a 1985: ya ajiye kifayen inda ba wani haske sai fitila mai walƙiya tana kunnuwa tana mutuwa, yadda duk ƙwayoyin idon za su amsa a lokaci guda. Nan ma taswira ba ta gyaru ba. A ruwa na gaskiya, in ƙwaro ya gilma, ƙwayoyin da ke kusa da juna ne ke amsawa tare, na nesa su yi shiru. Zaren da ya ji muryarsa ta zo ɗaya da ta na kewaye sai ya kafu, wanda ya ji ya bambanta sai ya janye. Ɗan ci-rani ne da ya dawo cikin dare bayan an sake fasalin gari, ya gane unguwa, sauran kuma muryar maƙwabta ce ta kai shi. A nan dai masu cewa amfani na gyara jijiya sun sami ɗan rabonsu, ko da yake ba irin wanda suka nema ba.

Sinadaran fa? Friedrich Bonhoeffer na cibiyar Max Planck a Tübingen ta Jamus ya ƙirƙiro wata shimfiɗa a 1987. Ya ɗebo fatar ƙwayoyin gaban rufin ɗan tsako da ta bayansa, ya jera su layi-layi kamar kunyoyin gona, gaba, baya, gaba, baya, ya ɗora yankin tantanin ido a bakin kunyoyin. Zaren gefen hanci ya bi kowace kunya. Zaren ɗaya gefen kuwa kunyar gaba kaɗai ya bi. Da aka ɗumama fatar baya har furotin ɗinta ya lalace, sai zaɓen ya ɓace. Wato ba son gaba zaren yake ba, gudun baya yake, akwai abin da ke korarsa. A 1989 Stuermer da Jost Vielmetter suka ga zaren kifin zinare ma haka yake yi. A 1995 Uwe Drescher a ɗakin Bonhoeffer, da ɗakin John Flanagan a Harvard, suka kama masu korar, waɗanda yanzu ake kira efrin. Suna da yawa a bayan rufi, suna raguwa zuwa gaba. Abin da ke jin su a jikin zare kuma yana da yawa a gefe ɗaya na ido, yana raguwa zuwa gefen hanci. Rinin da Sperry ya kwatanta ne, shekara 32 bayan ya faɗa. Bai gani ba, ya rasu a Afrilun 1994. Lambar Nobel da ya samu a 1981 ma ba ta wannan aiki ba ce, ta bincikensa ce a kan mutanen da aka raba wa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu.

A Perth ta Ostireliya, Jennifer Rodger da Sarah Dunlop da Lyn Beazley sun nuna cewa in aka yanke jijiyar babban kifin zinare, efrin na ƙaruwa a rufinsa daidai lokacin da sabon zare ke isowa, in kuma aka toshe aikinsa taswira ta rikice. Su ne kuma suka kawo labarin ƙadangare. Wani ƙadangaren duwatsu na yammacin Ostireliya jijiyarsa na tsiro har ta kai ƙwaƙwalwa, amma zaruruwan ba sa jeruwa, idon ya zauna makaho. A 2003 suka ba da rahoton cewa waɗanda aka dage ana nuna wa abinci ta wajen idon da aka yi wa aiki sun sami taswira, sun koma cafka da shi.

Masu shayarwa su ne a ƙarshen layi. A ɓera, in aka yanke jijiyar kusa da ido, mafi yawan ƙwayoyin da suka haifi zaren kan mutu cikin mako biyu, alhali a kifi yawancinsu rayuwa suke yi. Albert Aguayo a Montreal ta Kanada ya nuna a shekarun 1980 cewa in aka ɗinka wa idon ɓera yankin jijiyar ƙafa a matsayin gada, wasu zaruruwa na bi. Martin Schwab a Zurich ya gano a 1988 cewa kitsen da ke lulluɓe zaren ƙwaƙwalwar masu shayarwa na ɗauke da furotin mai tsayar da tsiro. A 2008 ɗakin Zhigang He a Boston ya kashe ƙwayar gado guda, PTEN, sai zaren idon ɓera ya tsallake wurin rauni ya yi nisa. Amma da yawansu sukan ɓata a mararraba, wasu su juya baya, wasu su nufi ɗaya idon, tsohuwar tambayar Sperry ta sake dawowa. A 2016 ɗakin Andrew Huberman ya haɗa maganin tsiro da nuna wa idon ɓera zane mai motsi kullum, kamar dai yadda aka yi wa ƙadangaren, wasu zaruruwa kaɗan suka kai inda ya kamata, ɗan gani ya dawo.

A watan Mayun 2023 likitocin asibitin NYU Langone a birnin New York, ƙarƙashin Eduardo Rodriguez, suka shafe sa'a 21 suna dasa wa wani ma'aikacin lantarki da wuta ta ƙone wa fuska cikakken ido tare da ɓangaren fuska, karo na farko a duniya. Sun haɗa bakin jijiyar gani, suka ɗura mata ƙwayoyin ɓargon wanda ya ba da idon. Idon bai shanye ba, jini na zagaya shi, kuma gwaji ya nuna wasu ƙwayoyin tantaninsa na amsa haske. Rahoton da suka buga bayan shekara guda ya ce mutumin bai ga ko hasken tocila da shi ba.